Wace Hanyar Lissafin Haske Ta Dace da Ginin Damagaram?

Duk mai zanen gini da ya zauna gaban kwamfuta a Zinder zai tsara hasken aji, ko ɗakin shan magani, ko masallacin unguwa, yakan iske shawarar abokan sana'a ta rabu. Wani ya ce manhajar DIALux ta wadatar, wani ya ce lissafin hasken rana ba a yarda da shi sai na Radiance, wani kuma ya buɗe maka hoton da ya fitar da Blender, mai kyau kamar an ɗauka da kyamara, ya tambaye ka me kuma ake nema. Kowannensu yana da gaskiya ta wani gefe. Haske idan ya shiga ɗaki yana bugun bango, ya koma rufi, ya sauko daɓe, ya sake tashi, kuma babu kwamfutar da za ta iya bin wannan kai-komo har ƙarshensa. Saboda haka kowace manhaja an gina ta ne a kan wata dabara ta yanke hanya, kuma daidai inda ta yanke ɗin nan ne kuskurenta yake ɓuya. Abin da ya kamata mai zaɓi ya sani shi ne ko wurin da aka yanke ya shafi irin gininmu da irin ranarmu.

Ma'aunan da zan auna su da su

Na farko shi ne daidaito, wato ko adadin lukus (ma'aunin hasken da ke sauka a kan wuri) da manhaja ta bayar zai yi kusa da abin da na'urar awon haske za ta nuna bayan magina sun tashi. Ƙa'idar Turai EN 12464-1 ta nemi lukus 500 a kan teburin karatu da rubutu a ofis, da lukus 100 a hanyar wucewa tsakanin ɗakuna, kuma irin waɗannan alƙaluma ne mai ba da kwangila zai riƙe ka da su. Na biyu farashi ne, wanda ya haɗa kuɗin manhaja da na kwamfutar da za ta ɗauke ta da wutar da za ta sha. Na uku ɗorewa: shin fayil ɗin zai buɗu bayan shekara biyar, shin manhajar tana aiki ranar da intanet ta yanke, shin na'urar za ta jure zafin Afrilu da Mayu lokacin da awo ke haura digiri 40? Na huɗu sauƙin koyo. Na biyar, wanda na fi ba muhimmanci, shi ne haɗari, ina nufin irin kuskuren da hanyar za ta yi shiru a kai ta miƙo maka sakamako mai kama da gaskiya.

Kafin a kunna kowace manhaja, ina ba da shawarar a yi lissafin hannu domin a sami abin kwatantawa. A ɗauki aji mai tsawon mita 9 da faɗin mita 7, wato murabba'in mita 63, ana son lukus 300. Ana bukatar lumen (ma'aunin jimillar haske) 18,900, wato 63 sau 300, su sauka a kan tebura. Idan kowace fitila tana ba da lumen 3,600, kashi 60 cikin ɗari na haskenta ne ke isa tebur, sannan aka bar kashi 80 saboda tsufa da datti kamar yadda DIALux ke sakawa da kanta, fitila 11 za su fito. Idan aka sauke wannan kashi zuwa 70 saboda ƙurar hunturu da ke kwanciya a kan fitilu, kuma ba kowace makaranta ce ke da mai hawa tsani ya goge su ba, sai lissafin ya koma fitila 13. Bambancin fitila biyu a kowane aji ya fito ne daga alƙalami ɗaya da ka shigar, tun ba a zo ga batun injin lissafi ba.

Radiyositi: musayar haske tsakanin bangaye

Wannan ita ce tsohuwar hanya, an fito da ita a Jami'ar Cornell ta Amurka a 1984, an kuma aro ta ne daga lissafin da injiniyoyi ke yi na yadda zafi ke ratsawa tsakanin abubuwa. Ana yanka bango da rufi da daɓe gunduwa-gunduwa, a lissafa yawan hasken da kowace gunduwa ke aika wa sauran, a maimaita har lissafi ya tsaya. Da zarar an gama, kana iya zagaya ɗakin ta kowace kusurwa ba tare da sake lissafi ba. Tsohuwar DIALux 4 da Relux ta ƙasar Suwis da AGi32 ta Amurka duk a kanta suka dogara.

Yanke hanyar da ta yi shi ne ɗaukar cewa kowane bango yana watsa haske ko'ina daidai wa daida, ba ya sheƙi. Ga bangon laka da yaɓen siminti wannan zato kusan gaskiya ne, shi ya sa take ba da lissafi mai kyau a ɗaki mai kusurwa huɗu, a kan kwamfutar da ba ta da ƙarfi. Inda take tuntuɓe shi ne tayil mai sheƙi da gilashi, da kuma bulo mai huji da muke sakawa don iska: idan gunduwar ta fi hujin girma, inuwar ta ɓace, wani lokaci ma ka ga haske yana ɓullowa ta ƙarƙashin bangon da ba shi da ƙofa. Idan ka ƙanƙanta gunduwoyin, aiki ya ninku fiye da yadda yawansu ya ƙaru. Relux tana da matakin kyauta, AGi32 kuwa biya ake yi.

Watsa foton: hanyar DIALux evo

Henrik Wann Jensen ne ya gabatar da taswirar foton a 1996. Ana harba miliyoyin ƙwayoyin haske daga fitila, a bar su su yi ta karo da bango, a rubuta inda kowace ta sauka, sannan a ƙiyasta hasken kowane wuri daga cunkoson ƙwayoyin da ke kusa da shi. Kamfanin DIAL na garin Lüdenscheid a Jamus ya koma kan irin wannan dabara da ya fitar da DIALux evo a 2012, abin da ya ba da damar lissafa gini gaba ɗaya tare da harabarsa, maimakon ɗaki ɗaya bayan ɗaya.

Ainihin manhajar kyauta ce, ko da yake akwai ƙarin ɓangarori na biya, tana da Faransanci, kuma a kan Windows kaɗai take aiki. Mai himma zai fara fitar da rahoto mai tsabta cikin mako biyu, da taswirar lukus da ma'aunin ɗaukar ido, irin wanda ake liƙawa a takardun kwangila. Ga hasken dare a cikin gini, ban ga abin da ya fi ta sauƙi ba.

Haɗarinta ba a injin yake ba, a fitilar yake. Manhajar tana bukatar fayil na IES ko LDT wanda ke bayyana yadda fitila ke rarraba haskenta, kuma manyan kamfanoni ne ke wallafa irinsa. Fitilun da mai aikin wuta zai samo maka a kasuwar Dole, waɗanda akasari ta Kano suke shigowa, yawancinsu ba su da wannan fayil, abin da ke jikin kwali kawai wat ne da wani adadin lumen da ba ka da hanyar tabbatarwa. Sai mutum ya zana da fitilar Turai, a saka wata dabam, rahoto ya ce 500 ɗaki ya ce wani abu. Maganin da na sani shi ne a sayi guda ɗaya tun kafin zane, a rataye ta da dare a tsakar gida nesa da bango, a auna hasken da ke ƙarƙashinta. Idan ƙaramar fitila ce kuma na'ura ta nuna lukus 150 a nisan mita 2, a ninka da huɗu, wato nisan sau kansa, an sami kandela (ma'aunin ƙarfin fitila ta fuska ɗaya) 600 kai tsaye ƙasa. Daga nan a nemi fayil mai kama da ita a siffa, a rage ƙarfinsa har ya dace da awon.

Bin sawun haske daga ido zuwa tushe: Radiance

A nan zan daɗe, domin matsalar gininmu ta rana ce fiye da ta dare. Turner Whitted ya nuna bin sawun haske a 1980, Greg Ward kuma ya fara rubuta Radiance a tsakiyar shekarun 1980 a cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley da ke Kalifoniya. Maimakon a bi haske daga fitila, ana fitowa ne daga wurin da ake son awo, kamar saman tebur, a aika zirin bincike baya har su kai ga taga da sararin sama. Hasken da ba zai taɓa isa teburin ba, ba a ɓata lokaci a kansa. An sha gwada sakamakonta da awon ɗakuna na gaske, shi ya sa masu bincike suke auna sauran manhajoji da ita. Kyauta ce, an buɗe lambobinta ga kowa tun 2002, fayilolinta rubutu ne zalla da za a iya buɗewa ko bayan shekara ashirin, kuma ba ta neman intanet ko katin hoto mai tsada. Ta fuskar ɗorewa babu wadda ta kamo ta.

Abin da ya sa take da amfani gare mu shi ne sararin samanmu. Tsohon ma'aunin hasken rana da ake koyarwa, wanda ke neman kusan kashi 2 cikin ɗari na hasken waje ya shigo ɗaki, an gina shi ne a kan sama mai lulluɓe da gajimare irin ta Ingila, ba ya la'akari da inda taga ta fuskanta. Zinder tana kusa da digiri 14 arewa da tsakiyar duniya. Rana takan tsaya tsakar ka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, kuma tsakanin waɗannan lokuta biyu ta arewa take bi da tsakar rana, don haka bangon arewa da littattafan Turai ke cewa ba ya ganin rana, a nan yana shan ta sama da wata uku. A Disamba kuwa tana karkata kudu, tsayinta da azahar kusan digiri 53, ta leƙo ta tagar kudu har kan allon aji. Ga hazon hunturu da ke mayar da sama fara fat, hasken ya riƙa zuwa ta ko'ina. Hasken rana kai tsaye yana kaiwa lukus 100,000, aji kuma ɗari uku zuwa biyar yake nema. Aikinmu tacewa ne.

Radiance tana iya lissafa dukkan sa'o'i 8,760 na shekara ta wata dabara mai kyau. Ana raba sama gida 145, a lissafa sau ɗaya yawan hasken da kowane gida ke aikowa kowane wurin awo, sannan kowace sa'a ta zama ninkawa da tarawa kawai bisa fayil ɗin yanayi na EPW, mai ɗauke da bayanin yanayin gari na kowace sa'a. Da haka za ka san sa'o'i nawa ajin ke ƙasa da lukus 300, da sa'o'i nawa yake haura 3,000 har ɗalibai su rufe tagogin ƙarfe su zauna cikin duhu da zafi.

Wahalarta biyu ce. Ta farko koyo: asalinta umarni ake rubutawa, kuma mafi yawan mutane ta manhajar Honeybee suke shigarta, wadda kyauta ce amma a kan manhajar zane ta Rhino take zama, shi kuwa lasisinsa na sana'a Yuro 995 ne, sama da jaka ɗari shida da hamsin na sefa. Ta biyu ita ce adadin karon da aka yarda haske ya yi, wanda ake sakawa da alamar -ab. Idan an kira manhajar kai tsaye ba a saka komai ba, sifili take ɗauka, wato ba ta lissafa hasken da bango ya mayar ko kaɗan. A zaure irin na Birni, tsohuwar unguwar Zinder, inda kaurin bangon tubali ke mayar da ƙaramar taga ta zama kamar rami, kusan duk hasken da ke shiga sai ya yi karo sau da dama. Bangon da ke mayar da kashi 30 cikin ɗari, bayan karo uku abin da ya rage bai kai kashi 3 ba. Farin fenti mai mayar da kashi 80 kuwa yana barin sama da rabi. Saboda haka sai a ɗaga karon zuwa biyar ko shida, a ci gaba da ƙarawa har alƙaluma su daina motsi. Kada kuma a bar alƙaluman da manhajoji ke zuwa da su na kashi 70 ga rufi, 50 ga bango, 20 ga daɓe, domin rufin azara da jan bango ba su kai nan ba. A juya na'urar awo ta kalli bango, a sake juya ta ta ba shi baya a wuri ɗaya, a raba na farko da na biyu, za a sami ƙiyasin da ya fi na littafi kusa da gaskiya.

Hoto mai kama da gaske: Blender da injinan nan-take

James Kajiya ya rubuta lissafin da wannan hanya ke warwarewa a 1986, amma sai da katunan hoto suka yi ƙarfi, musamman bayan fitowar katunan RTX a 2018, ta zama ta kowa. Ana jefa zirin haske barkatai a ɗauki matsakaici, shi ya sa hoton ke farawa da ɗige-ɗige. Don rage ɗigon da rabi sai an ninka aikin sau huɗu, don haka ake kiran wata manhaja ta share shi, ita kuma tana cike gurbi ne da abin da ta ga ya dace da ido. Blender kyauta ce kuma tana karɓar fayil na IES. Enscape da Twinmotion sun fi ta sauri, suna kuma yanke hanya fiye da ita. Tsadar tana cikin na'ura: katin hoto mai ƙarfi yana shan wuta, yana zafi, ƙura tana toshe fankarsa, kuma a bazara yakan rage gudu da kansa don kada ya ƙone.

Na taɓa cutar da aiki da wannan hanya. Na nuna wa wani mai gida hoton falonsa da taga ɗaya a ƙarƙashin baranda, hoton ya yi tas domin manhajar ta buɗe idon kyamara da kanta kamar yadda wayar hannu ke yi a duhu, ni kuma ban duba alƙalami ko ɗaya ba. Da aka gama gini, da hantsi sai an kunna fitila kafin a karanta takarda, kuma fasa bango aka yi aka ƙara taga. Har yau abin yana damuna.

Duk da haka akwai aikin da babu mai yi sai ita. Idan za a haska fuskar gida mai zanen laka irin na Birni da Zango, tambayar ba ta lukus ba ce. Fitilar da aka sa gaba da bango tana shafe zanen ya zama fili, wadda aka ajiye a gindi tana lasar bangon daga ƙasa kuwa tana fitar da kowane tudu da kwari, har zankwaye su yanke a jikin duhun sama. Wannan sai ido ya gani kafin a sayi waya.

Barin kwamfuta ta nemo tsari da kanta

Duk hanyoyin da suka gabata kai ne ke gwadawa ka gyara. Ana iya juya abin: a faɗa wa kwamfuta hasken da ake so, ta nemo girman taga ko zurfin rumfa ko ƙarfin fitilu. Galapagos, wani kayan aiki da ke cikin Grasshopper na Rhino, yana haifar da tsare-tsare da yawa, ya zubar da raunana, ya haɗa masu kyau, ya maimaita. A lissafa kuɗinsa da lokaci: tsari 50 a zagaye 40 gwaji 2,000 ne, idan kowane yana cin minti 3 an tashi da sa'a 100, wanda ba zai yiwu ba sai da batir da sola masu riƙe na'ura idan wuta ta ɗauke. Haɗarin shi ne abin da ka tambaya kaɗai zai ba ka. Idan ka ce yawan haske, zai buɗe maka gilashi ta yamma ya mayar da aji murhu, don haka dole a saka iyakar zafi da ta ɗaukar ido cikin abin da ake nema.

Akwai ƴar'uwarta mai arha da ba a cika ambata ba. Haske taruwa yake yi: abin da fitila biyu suka bayar daidai yake da na farko haɗe da na biyu. Masu bincike a Cornell sun yi amfani da wannan tun 1993 wajen gano ƙarfin fitilu daga hasken da aka shafa a jikin zane. Idan ka lissafa kowane layin fitilu shi kaɗai sau ɗaya, ka zuba sakamakon a Excel, za ka iya gwada haɗi ɗari cikin daƙiƙa kaɗan.

| Hanya | Farashi | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Radiyositi | Kyauta ko biya, ƙaramar na'ura | Matsakaiciya | Mai sauƙi | Sheƙi da ƙananan huji |
| Foton, DIALux evo | Kyauta, matsakaiciyar na'ura | Ta dogara da kamfani | Mafi sauƙi | Fitila marar fayil |
| Radiance | Kyauta, Rhino na biya | Mafi ɗorewa | Mai wuya | Ƙarancin karo, launin bango |
| Blender da ire-irenta | Na'ura mai tsada | Zafi da ƙura na cin kati | Matsakaici | Hoto ya ɓoye duhu |
| Nema da kanta | Lokaci da wuta | Ta bi injin da ke ƙarƙashi | Mafi wuya | Tambaya mara kyau |

Wa ya kamata ya ɗauki wace

Mai aikin wuta ko ƙaramin ofis da ke haska shago, ofis, ɗakin haihuwa ko harabar gida da dare ya ɗauki DIALux evo, ya ware kuɗin na'urar awon haske, ya riƙa gwada fitilar da za a saya da gaske. Wanda tsohuwar kwamfuta gare shi kuma ɗakunansa masu kusurwa huɗu ne, radiyositi ba za ta ba shi kunya ba.

Mai zanen makaranta ko ɗakin karatu ko masallaci, inda za a yi shekara talatin ana dogaro da rana, ya daure ya koyi Radiance ko ya nemi wanda ya iya, domin a nan ne ake yanke shawarar fuskar taga da zurfin rumfa, abin da ba ya gyaruwa da canza ƙwan fitila. Ɗalibin Jami'ar André Salifou da ke da lokaci amma ba shi da kuɗin lasisi zai iya farawa da rubuta umarnin da hannu, a kan ɗaki ɗaya da yake iya shiga ya auna.

Mai son shawo kan mai gida ko kwamitin masallaci, ko mai haska zanen bango, ya yi hotonsa da Blender, amma ya kulle idon kyamarar a wuri ɗaya ga dukkan hotuna, ya kuma ajiye taswirar lukus kusa da kowane. Neman tsari da kwamfuta kuwa a bar shi ga zanen da za a maimaita, kamar aji ɗaya da za a gina sau arba'in daga Mirriya zuwa Tanut, inda gyaran rumfa da taƙi ɗaya zai shafi dubban yara.